Tarin Mota a Kan Gadar Umdurman

Muna idar da sallar asuba muka bar Soba, unguwar da na sauka a kudancin Khartum, muka nufi kasuwar Umdurman. Ba wata babbar buƙata ce ta fitar da ni ba. Maiɗakina ce ta haɗo ni da takarda tun daga Zariya: humra, turaren wuta da lafaya biyu. Ta ja mini kunne cewa sai na Umdurman, wai na Khartum jabu ne. Ita da ba ta taɓa wuce Kaduna ba.

Wanda ya ɗauke ni ɗan gidan da na sauka ne, jikan mahajjatan da suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa suka yada zango a Sudan. Tsohuwar tasi ruwan ɗorawa ya gada daga mahaifinsa, da ita yake riƙe gidan, amma ba ya haye gada da ita. Sojojin da ke mulki suna tare samari a gadoji da tashoshi, duk wanda ba shi da katin aikin soja na dole sai a jefa shi babbar mota, daga sansanin horo kuma sai fagen yaƙi a Kudu. Haka aka tafi da wansa, har yau ko wasiƙa babu. Shi ma ba shi da katin. Duk na san wannan, amma na yi kwana uku ina lallaɓa shi, ina ce masa da sassafe sojoji shayi suke sha. Kunyar baƙo ce ta sa ya yarda. Mahaifiyarsa ta rako mu bakin ƙofa.

Hanyar ta yi mini daɗi da farko. Gonakin albasa a gefen kogi, sababbin gidaje na jan bulo, mata masu shayi suna hura gawayi a gindin dalbejiya. A kowane gidan mai layin motoci ne iya ganinka, masu su suna zaune a kan bonet. Mun kusa shiga gari sai motarmu ta fizga, kamar wani ya riƙe ta ta baya ya saki. Ta sake. In ya taka totur sai injin ya shaƙe, ya yi tari, sitiyari ya ɗauki rawa. Irin abin nan da bakanikenmu na gida ke ce wa misin.

Ni da na taɓa riƙe wa bakanike sifana sau biyu, nan take na yanke hukunci cewa fulogi ne. Muka ratse Mantiƙa Sinaiya, unguwar gareji da masana'antu. Bakaniken da muka samu ya so ya saurari injin tukuna, na ce ba mu da lokaci, ya dai sauya fulogi. Ya ɗaga kafaɗa ya sauya. Motar ta ɗan lafa. Direbana ya kasa kunne ga motar, wadda a can arabiyya ake ce mata, ya ce, "Ya haj, arabiyyar nan ba ta kwanta mini ba. Mu koma." Na ce haba, ga gada can muna hange. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ranar na yarda.

Kafin gadar akwai inda kogunan Nilu biyu suka haɗu, kowanne da launinsa. Kowa na yabon wurin, amma ni ban gan shi ba sai a gefen ido, don hankalina na kan buhunan yashi da sojojin da ke bayansu. Babbar motarsu tana gefe, samari huɗu ko biyar a zaune a ciki, kawunansu a sunkuye. Layi na tafiya a hankali. Mota mai lafiya soja kan leƙa ya ɗaga mata hannu. Saura mota biyu a zo kanmu tamu ta fara fizga, direbana ya ƙara wuta don kada ta mutu, sai salansa ta yi wata ƙara tau, tau, sak harbin bindiga. Injin ya mutu.

Na ji ƙarar ɗana bindigogi ta kowane ɓangare. Wata mata a motar da ke gefenmu ta danne kan ɗanta ƙasa. Aka fito da mu hannu a sama. Wani hafsa ya duba motar ciki da baya, ya karɓi lasisin direbana, sannan ya tambayi abin da nake tsoro: katin aikin soja. Yaron nan bai ɗaga ido ba. Na miƙa fasfona, na zuba Larabcin littafi iya iyawata, ni baƙo ne, ɗalibin ilimi ne, ban iya tuƙi ba, in an ɗauke shi wa zai janye motar? Bayanmu hon ya cika gari, gada ta toshe. Hafsan ya dube ni, ya dubi layin, ya jefa lasisin a aljihu.

"Ku gusar da ita. In ya gyara ya dawo ya karɓa a hannuna."

Mun gane abin da dawowar take nufi. Muka tura motar, ta tashi da ƙyar, muka haye tana tari.

A Umdurman direbana ya kai mu wani lungu, garejin abokin mahaifinsa, dattijo Bahaushe da kowa ke kira usta, wato ogan aiki. Wannan karon na kama bakina. Usta ya sa aka tayar da injin, ya tsaya yana sauraro. Ya shiga zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya. Ya ce in ka zare waya sautin injin bai sauya ba, to ka kama silindar da ta mutu. Ya zare duk huɗun, kowacce ta nuna da ranta. Ya ce tunda ciwon yawo yake yi, ba na fulogi ɗaya ba ne, sai a nemi abin da duk huɗun suka yi tarayya a kai: wuta, iska, ko mai. Ya kusantar da wayar kwil jikin ƙarfe, wuta ta tsalla shuɗiya. Ya buɗe murfin distiributa, babu tsagewa babu danshi. Ya kakkaɓe matatar iska. Bai tambaye ni wanda ya ce a sayi fulogi ba, kuma na gode masa a zuci.

Daga nan ya cire tiyon da ke kai mai kafireto, ya zura shi a kwalba, ya ce a murza makulli. Ya ɗaga kwalbar sama muka zuba mata ido. Fetur ya taso sama, wani abu ya kwanta a ƙasa. Na yi caraf na ce ruwa ne, aikin 'yan bumburutu. Usta ya ce ruwa ne, amma ruwan 'yan bumburutu fari ne, wannan baƙi ne. Ya tsiyaye fetur ɗin, ya tsoma yatsa ya murza, ya sansana. Sai ya dubi direbana.

"Ya waladi, ɗana, wannan tawada ce. Mihaya ce, rubutun allo. Wa ya kusanci arabiyyar nan yau?"

Direbana ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Can ya ce kafin asuba mahaifiyarsa ta ba shi rubutu a kwanon sha, ya kurɓa kaɗan ya miƙa mata, ya tafi masallaci. Sauran ta ɗura wa motar, don ita ma ta sha kariya.

Ba wanda ya yi dariya. Usta ya kwance tankin ta ƙasa ya zubar, ya wanke kafireto, injin ya tashi sumul. Aka kawo mana ful, waken nan nasu da man riɗi da burodi, wanda kullum nake sharɓa, amma loma biyu na iya. Kasuwar na kusa, ban ko leƙa ba. Usta ya ce lasisi ya tafi kenan, kada direbana ya kuskura ya bi sawunsa. Shi da kansa ya karɓi tuƙi. Na tuɓe babbar rigata da hulata na ba direbana, ya hakimce a baya kamar baƙo daga Kano, ni kuma na zauna gaba da fasfo a hannu. Muka zagaya ta garin Bahri da ke wani tsallaken kogin, gada biyu maimakon ɗaya. A kowacce soja ya leƙo, ya ga furfurar usta da huluna, ya ɗaga hannu. Ban numfasa sosai ba sai da na hango hayaƙin masu gasa bulo a Aljirif, kan hanyar Soba.

Abin da na koya na injin kun ji shi: a saurara kafin a sayi komai, a bi ciwo har tushensa. Usta ya bi nasa ya tsaya a tanki. Ni na ci gaba da bi a zuciyata, ban tsaya a kan tsohuwar nan ba, a kaina na tsaya. Yanzu sunan ɗanta yana aljihun hafsa, ba zai ƙara fita da tasi ba sai abin da Allah ya yi, duk saboda kwalbar humra.

Da muka shigo layinsu direbana ya taɓa kafaɗata. Ya ce, "Ya haj, kada ka gaya mata. In ta san ita ta tsayar da ni gaban soja, ba za ta ɗauka ba."

Tana zaune a bakin ƙofa inda muka bar ta. Ta miƙe, ta dafa kansa, ta daɗe ba ta ɗauke hannun ba. Sannan ta juyo gare ni fuska a sake.

"Na san ba abin da zai same ku. Da hannuna na ba arabiyyar ta sha."

Na ce, "Ya yi aiki, Hajiya."