Shafen Sallar Ɗelu

Ɗelu matar Malam Abdulwahidu ba ta cika magana ba. A Bichi ta tashi, a gidan da ake koya wa 'ya mace cewa in tana da buƙata wajen babba, ta fara gyara inda zai zauna kafin ta buɗe baki. Da wannan tarbiyya ta biyo mijinta Kuala Lumpur, lokacin da ya zo karatun digiri na uku a jami'ar da ke Jalan Semarak. Suka kama haya a Taman Melati, ɗaki biyu da falo a saman bene, tagarsu na kallon layin jirgin ƙasa. A nan ta yi goyon 'yarta Ulfa. A nan kuma ta fara dafa tuwo da waina, ɗalibai gwauraye suna hawowa su yi tapau, a ƙulle musu su tafi da abinsu.

Malam ya je gida tattara bayanan bincikensa, da niyyar dawowa kafin azumi. Sai korona ta sauko, aka rufe iyakoki. Ya tsaya a Kano, ta tsaya a Taman Melati. Wa'adin hayarsu kuwa bayan ƙaramar Sallah zai cika. In ba a sabunta ba, sai ta tashi ita da yarinya, ta shiga neman ɗaki cikin annoba, a garin da ba kowane mai gida ke amsa sallamar baƙo ba.

Mai gidan wata dattijuwa ce, Makcik Salbiah, tana zaune wajen 'yarta a Wangsa Maju. Duk sanda Malam ya bugo waya sai ya ce, "Maman Ulfa, ki kira matar nan mana."

"Haba Malam, magana irin wannan a waya? Bari dai in kintsa gidan, ta zo ta gani da idonta."

Da goman ƙarshe ta azumi ta kama, an ɗan sassauta kulle, Ɗelu ta yi yadda ta ga uwarta na yi kowace shekara. Ta sauka kedai, kantin ƙasan bene, ta sayo fenti shuɗi. Ta fitar da katifa, tukwane, akwatuna, har firij ta turo baranda. Ta wanke ko'ina, ta ɗaura tsohon zane, ta hau kujera tana shafe bango.

Maƙwabta suka riƙa wucewa suna rage tafiya. Kak Ros, wadda ƙofarsu ke fuskantar juna, ta kawo mata kwalaye manya, ta ajiye, idonta ya yi ja a saman takunkumi. Ɗelu ta yi godiya, ta ɗauka azumi ne ya taɓa ta. Wani ma ya tsaya ya tambaya ko firij ɗin na sayarwa ne. Ta yi dariya ta ce a'a.

Sai da ta gama mayar da kaya ta kira ƙawarta Hafsatu, mai sayar da atamfa da turare a Cheras, wadda ta daɗe a garin, ta ba ta labari.

Hafsatu ta ce, "Tsaya. Fenti kika yi? Kika kuma zube kaya a baranda?"

"To Sallah fa ta zo."

"Wayyo 'yar Bichi! Ke, a garin nan mai gida ne ke fentin Sallah. Ɗan haya ba ya taɓa bango sai zai mayar da makulli. Kin yi wa bene guda sallama ba ki sani ba."

Ɗelu ta dubi kwalayen da ke jingine bayan ƙofa.

"Kira matar nan yanzu, kin ji ni? Wannan kunya taki za ta kwanar da ke a tashar jirgi."

Ɗelu ta ce za ta kira da safe. Da safen, tana cikin juya wayar a hannu, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Makcik Salbiah ce, da wani mutum a bayanta riƙe da tef na awo. Dattijuwar ta cire takalmi, ta gaisa daga nesa, hannu a ƙirji, ta ce wannan Azlan ne, ɗan ƙaninta. Aure zai yi. Ros ta buga mata waya ta ce baƙi za su tashi, shi ne ta yi masa alkawarin gidan. Sun zo auna taga ne saboda labule.

Harshen Malay ɗin Ɗelu na kasuwa ne, wanda ta tsinta wajen masu kifi. Da shi ta yi maganar da ta fi kowace tsawo a rayuwarta. Ta ce ba tashi za ta yi ba. Ta ce a garinsu mace kan shafe ɗakinta in Sallah ta gabato, ko in tana jiran babban baƙo, ita kuwa duka biyun ta haɗa. Ta ce mijinta na can, hanya a rufe, kuma tana so in ya dawo ya same su a ƙofar da ya bar su.

"Me ya hana ki faɗa min?"

"Nauyi na ji, Makcik. Ke fa, me ya hana ki tambaye ni?"

Dattijuwar ta ɗan yi murmushi, ido ne kawai ya nuna a saman takunkumi. "Mai shirin tafiya ba a tsare shi da tambaya. Nauyi na ji."

Ta shiga zagaya gidan a hankali. Turaren wuta na tashi a falo. Tukwane a jere, suna ƙyalli. A bakin taga ta tsaya, inda tukunyar pandan take, ganyen nan mai ƙamshi da suke sa wa shinkafa. Ita dattijuwar ce ta bar shi can tun yana ɗan tsiro, yanzu ya kai mata ƙugu. Ta murza ganye ɗaya, ta janye takunkumi ta shinshina.

Ba ta juyo ba ta ce, "Ni ma aro nake. Gidan nawa ne, ƙasar da benen ke kai kuwa ta gwamnati ce. Shekara casa'in da tara aka ba mu, kullum raguwa suke. Na nemi a ƙara min wa'adi, sai ga ofis a rufe. Ina dai jira." Sai ta dubi Azlan. "Yaushe ne ma bikin naka?"

Ya sosa ƙeya. "An ɗaga, Makcik. Sai an buɗe wuraren taro."

"To labule ba zai gudu ba."

Azlan ya naɗe tef ɗinsa ya sa a aljihu. Makcik Salbiah ta ce bayan Sallah za ta aiko da takarda a sa hannu, a ƙara wa'adi har Malam ya dawo ya gama karatunsa. Ɗelu ta durƙusa har ƙasa, yadda ake yi a Bichi, dattijuwar ta ruɗe tana cewa, "Tashi, tashi, boleh, boleh," wato ba komai, an yarda. Aka ƙulle musu wainar buɗa baki.

A bakin ƙofa, tana sa takalmi, ta sake duban bangon. "Amma shuɗin nan ya yi yawa. Baɗi in za ki shafa, ki kira ni, ni zan zaɓi launi."

Da yamma Ɗelu ta tsallaka baranda ta mayar wa Kak Ros kwalayenta, da kwanon miya a cikin na sama. Daga nan ta kira Kano. Malam ya tambayi yadda aka yi, ta ce lafiya lau, sai dai in Allah ya kai mu baɗi, bangon ba zai zama shuɗi ba.