Kwamfuta Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Da safiyar Talata, tara ga wannan wata, ina cire wa kwamfutata mayafi sai abokiyar zamana a ofis ta dafa kafaɗata ta ce, "Mama, Injiniya ya rasu." Kwana huɗu kacal ka yi a asibiti.

Kwamfuta tamanin da uku ke hannunka a ma'aikatarmu. Daga ɗan ɗakinka na ƙarshen baranda, mai ƙarar fanka da tarin wayoyi, da maɓalli ɗaya kana iya sabunta manhajar kowa ko ka cire ta. Amma ba ka gaggawa. Sai ka gwada a taka, ka gwada a guda uku, sannan ka bi tebur tebur kana sanar da mu. Har tsiya muke yi maka, wai sai ka yi wa kwamfuta sallama kafin ka taɓa ta.

Sai aka ba da umarnin cire tsohuwar manhajar rubutu a ko'ina a sa sabuwa. Shekara goma sha tara ina buga takardu da tsohuwar. Na buɗe sabuwar, na rasa gabas na rasa yamma. Manaja kuwa bai ɓoye ba: wanda ya kasa, za a nemo wanda ya iya. Ga jikoki uku a hannuna.

Kai ka shiga wurinsa ka roƙa a ɗaga wa kwamfuta ɗaya ƙafa. Ka sa mini sabuwar a gefen tsohuwar, ka ce, "Mama, taki ba zan cire ba sai kin ce kin shirya." Kullum da hutun rana ka jawo kujera ka zauna kusa da ni. Abu ɗaya sai in tambaye ka sau goma, ka yi dariya ka ce, "Maɓallin nan ya gaji da ke, amma ni ban gaji ba."

Akwai abin da ban faɗa maka ba, kuma yana ci mini rai. Wata biyu ke nan da na iya. Na yi shiru ne don ba na son kujerar nan ta daina zuwa.

Jiya wanda ya gaji ɗakinka ya zo da takardar jerin kwamfutoci. Tamanin da biyu an yi musu alamar kammalawa. A gefen lamba arba'in da ɗaya, wato tawa, da rubutun hannunka, an sa: "A jira ta." Ya ce, "Mama, yaya za a yi?" Na ce, "Cire, na shirya." Ko minti biyu bai ɗauka ba. Da sabuwar na buga wannan ta'aziyya, ban nemi taimakon kowa ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Ya ba mahaifiyarka da maiɗakinka da 'ya'yanka juriyar wannan rashi. Yadda ka yi haƙuri da ni, Allah Ya yi maka sassauci ranar hisabi, amin.