Maginin Coci na Karantina

Bana shekara arba'in da biyar ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Hamidu magini, a nan Jidda. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san dalilin da ya sa mutanen unguwar Karantina suke kiransa Maginin Coci a bayan idonsa. Sunan nan ya ci masa rai har ya koma ga Allah. Ni ma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Baba bai zo ƙasar nan a jirgin sama ba. Da ƙafa suka taso daga ƙasar Zazzau shi da Inna, irin tafiyar mutanen da, a yi tafiya, a tsaya a yi aiki, a samu guzuri a ƙara gaba. Suka ratsa Sudan suka shiga duwatsun Iritiriya, a nan cikin Inna ya tsufa, tafiya ta gagara. A garin da suka yada zango akwai wani tsohon cocin Katolika a kan tudu. Tun zamanin kakanni Kiristocin ƙasar suke hawa can ziyara sau ɗaya a shekara, da yawansu ba takalmi, saboda wani hoton Nana Maryamu da ke ciki. Yaƙin Turawa ya bi ta kan cocin, rabin rufin ya tafi, bango ɗaya ya tsage, masaukin baƙi ya zube. Fadan da ke kula da wurin, wato limamin cocin, wani tsoho ɗan Italiya, yana neman magina ko daga ina suke. Baba ya je.

Yakan ce aikin bai sha bamban da na gida ba sai wajen farar ƙasa. A jiƙa ta a rami ta yi kwana da kwanaki, a cuɗa da yashi, a zare duwatsun da suka girgiɗe ɗaya bayan ɗaya, a mayar da kowanne mazauninsa. In lokacin salla ya yi, ya sauko daga tsani ya shimfiɗa buzunsa a gindin bango, ba wanda ya taɓa ce masa uffan. A wani ɗaki bayan cocin aka haife ni, a hannun wasu mata biyu masu ziyara. Ba su jin Hausa, Inna ba ta jin nasu, amma ga ni.

Da aka zo shafen masaukin baƙi ne ya yi abin da magini Bahaushe kaɗai zai yi. A wurinmu ba a barin ƙofa tsirara. Shafe na ɗanye sai hannunsa ya tafi da kansa, ya kewaye ƙofar da zane irin na zaurukan Zariya, har da dagi a sama. Sai da ya gama ya tuna ba gidan Bahaushe yake ba. Fada ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallo. Baba ya kai hannu zai goge, tsohon ya riƙe shi.

Muka haye teku ina goye, suka sauke farali, suka zauna a Karantina kamar sauran 'yan'uwanmu, cikin ɗakunan langalanga da katakon akwati. Baba ya zama mu'allim, kamar yadda Larabawa ke kiran babban magini, yana gyaran tsofaffin gidajen dutse a cikin gari. Namu ɗakin ma ya yi masa fuskar ƙasa don kawai ya samu inda zai yi wa ƙofa zane. Ina budurwa lokacin da mutanen layinmu suka tashi mayar da masallacinmu na langalanga ginin dutse. Kowa ya san aikin na Baba ne. Ya riga ya zana wurin liman a ƙasa da sanda, ba shi da wata hira sai wannan, har Inna ta ce ko tuwo yake ci awo yake yi.

Sai wani da suka yi ayari ɗaya tun daga Sudan, ba zan faɗi sunansa ba don jikokinsa suna gaishe ni, ya miƙe a gaban dattawa ya ce hannun da ya tayar da coci bai kamata ya ɗora dutse a alƙibla ba. Liman mutumin kirki ne, yana son Baba, sai ya buɗe masa hanya a fili. Ya ce ai shi ya ji rijiya kawai aka sa Baba ya gyara a can, ko ba haka ba? Da Baba ya ce e, da magana ta mutu a nan.

"Ba rijiya ba ce, Malam," in ji Baba. "Ɗakin ibadarsu ne, ni na ɗaga bangonsa. A can aka karɓi haihuwar 'yata. Ba zan ce ban yi ba."

Halas, shi ke nan. Aka ba wani magini ginin masallacin, aka bar wa Baba wurin alwala da magudanar ruwa. Wallahi na so ya ƙi. Na yi kuka, na ce ya bar musu kayansu, bai ko kalle ni ba. Ya zauna ya yi wurin alwalar nan a tsanake, ya ɗaga mazaunin saboda tsofaffi masu ciwon gwiwa. Shi wancan mai bakin a nan ya yi ta wanke gaɓoɓinsa har ya mutu, ban taɓa jin ya ce ruwan ba shi da tsarki ba. Amma Baba bai sake tsayawa a sahun gaba ba, kuma bai sake yi wa ƙofar kowa zane ba.

Nakan ce da zai tashi ya ga Jidda ta yau, ina zan kai shi? An rushe Karantina, masallacin da wurin alwalar sun tafi tare, mun watsu, ni ina unguwar Bani Malik wajen ɗana. Kabarinsa kuwa, kun san yadda ake yi a nan, ba suna, ba alama. Waɗannan dogayen gidajen gilashi na san abin da zai yi musu, zai ƙwanƙwasa bango da yatsa, ya tambaya ina inuwa.

Maƙwabciyata 'yar Iritiriya ce, Kirista, ta kuma san a can aka haife ni. Kwanakin baya ta shigo da wayarta tana murna, wai an gama gyaran wurin ziyararsu, wato cocin nan na kan tudu. Ashe bayan zamanin Baba wasu sun lafta wa ginin siminti, ya riƙe danshi, dutse ya fara ruɓewa. Masu gyara suka kankare shi kakaf suka koma ga farar ƙasa. Da suka iso ƙofar masaukin baƙi sai ga zane a ƙarƙashi, ba irin nasu ba, ba kuma na Italiya ba. Ba wanda ya san mai shi, amma suka tsabtace shi suka bar shi. Ta matso mini da hoton ƙofar a wayarta. Dagin Baba ne, da kusurwarsa ta hagu da take ɗan fin sauran tsawo, kamar na ƙofarmu. Na yi kuka a gaban matar nan ba kunya.

Ban san ko zai yi murna ba. Mutum ne mai tsoron Allah, na kuma san ya sha tambayar kansa ko mutanen nan sun fi shi gaskiya. Ni ba malama ba ce, hukunci na Allah ne. Abin da na sani, cikin duk ginin da ya yi a duniya, wanda ya jawo masa sunan nan shi kaɗai ya rage a tsaye.

Maƙwabciyar tawa za ta tafi ziyarar bana. Ni gwiwa da takardu sun hana. Ta tambaye ni ko ta kunna masa kyandir, na ce ta rufa mini asiri, Baba ba zai so ba, addu'arsa ni ke yi masa bayan kowace salla. Ta ce to me za ta yi mini in ta je?

Na ce, "Ki nemi mai kula da wurin. Ki ce wanda ya yi zanen nan sunansa Hamidu, Bahaushe ne, Musulmi, a hanyar Makka yake. Ki ce an tambaye shi a gaban jama'a, bai musa ba."