Dalar Taurarin da Ta Ƙi Tsayawa

Ni na yi laifin, ba Malam ba, kuma tun a ranar na sani.

Zamanin soja ne, kuɗin mai bai gama ƙarewa ba, aka kawo wa ofishinmu na Sama Road kwamfuta ɗaya da injin buga takarda. Aka ba ta ɗaki mai sanyi, har takalmi muke tuɓewa a ƙofa. Ni mai buga tafireta ne, karatuna bai wuce firamare ba, amma duk ofis ba mai saurin yatsuna. Malam kuwa akawu ne, dattijo ɗan gidan malamai, da yatsa ɗaya yake neman harafi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Wata malama 'yar Filato ke koya mana bayan la'asar. Aikin farko shi ne a sa kwamfuta ta buga dala da taurari: ɗaya a layin farko, biyu a na biyu, har goma. Na zauna na buga taurarin nan da hannuna, layi bayan layi, na gama Malam bai yi nisa ba.

"Malam, ko a kawo maka fitila?" na ce.

"Bari dai, ɗan tafireta," in ji shi. "Wanga abu tasbaha ce. Ka ja, ka ƙirga, ka koma. In ka cika, ka tsaya."

Umarni kaɗan ya rubuta wa kwamfutar. Malama ta ce a mayar da dalar layi sittin. Malam ya canja lamba ɗaya ya naɗe hannu, ni ina ta gumi a ɗaki mai sanyi.

Washegari da rana, kowa ya fita cin abinci, na ɗauki littafin Malam na shiga ɗakin na kwafi umarnin. Don sauri na tsallake layin da ke cewa a tsaya. Injin ya kama ƙara, takarda na zuba ƙasa, taurari ba iyaka. Ban san inda ake kashe shi ba. Na gudu, na bar littafin a kan tebur.

Kwali guda na takarda injin ya cinye, ga shi daga Legas ake kawo takardar. Shugaban ofis ya ga littafin, ya hana Malam shiga ɗakin. Malam bai yi musu ba. Kullum sai ya zauna a benci bakin ƙofa, in na fito ya ce, "Mi aka koya yau?" In gaya masa, ya rubuta, wani lokacin ma ya gyara mini.

An ba mai ƙosai ta bakin hanya takardar da ta lalace. Mako biyu duk ƙosan da na saya cikin taurarina yake zuwa. Wata safiya Malam ya buɗe nasa, ya shafa takardar, ya ce, "Wanda yay yi wanga, hannu nai da kyau. Tsayawa kawai ya mance."

Na ajiye ƙosaina. Na kama hannunsa har gaban shugaba, na aika a kira malama.

"Ranka ya daɗe, ni na ɗauki littafin, ni na ƙarar da takardar. A mayar da shi ɗakin, ko da ni za a fitar." Sannan na durƙusa. "Malam, na yi maka ba'a, na kuma bar ka da laifina. Don Allah ka yafe mini."