Murfin Tankin da Ya Hana Inna Tafiya

Jama'a, yau na ga Inna ta cusa kai cikin motata tana shinshinawa kamar mai sayen daddawa!

Tun da ƙanwata ta haihu a Malumfashi Inna take ɗokin ganin jariri, amma warin fetur ɗin motar yana tayar mata da asma, ƙafarta kuma ba ta jure cunkoson motar haya. Ni duk na ɗauka tankin ne ya huje.

Da safe ina wanke motar a ƙofar gida, na kwance murfin tanki, sai ga robar cikinsa ta bushe ta tsattsage. Na haye babur sai kasuwar Funtua, na samo irinsa sak. Na murɗa da hannuna har ya ce ƙas, na bar ƙofofi a buɗe iska ta ratsa.

Inna ta ɗago kai. "Kai, wane bakanike ka kira?"

"Ni ne bakaniken, Inna."

Ta tuntsire da dariya. "To maza ɗauko mini mayafi da ƙullin yajin mai jego."

Ga ta nan a gidan gaba tana azalzalata mu tafi!

Ku fa, wane ɗan gyara ne ya taɓa faranta ran mahaifiyarku haka?