Ƙararrawar Akuya a Tasar Iya

Duk wanda ya tashi a Gangare ya san sanyin Jos ba ya jin magiya. Da an idar da sallar isha'i sai Iya, kakarmu ta wajen uba, ta kwashe garwashin da ya rage daga suyar masar yamma ta zuba a kasko, ta shigo da shi ɗaki. Mu jikoki mu kewaye shi, muna ture-turen wuri kamar 'yan tsaki. Ni ce mai zama gefen ƙafarta, don a nan ake samun ƙonannun masa da ba su sayu ba. Har yau na fi son masar da ta ɗan ƙone.

"Ga ta nan tafe, ku matsa mata," in ji Iya.

Mu ce, "Ta shigo ta ji ɗumi."

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaita mana, ta wata tsohuwa mai sayar da kunu a gindin dutse. Wuri ake biyanta da shi, kuma ba ta yarda an biya ta sai ta ji wurin ya faɗa ƙwaryarta ya yi kacau. Wata shekara baƙi suka riƙa saukowa daga bayan dutse, ba su san wuri ba. Wannan ya miƙo gishiri, wancan zuma, wani kuma ƙullin auduga. Tsohuwa ta jefa audugar a ƙwarya, ta kasa kunne, shiru. Ta ce, "Abin da ba ya magana ba kuɗi ba ne." Baƙi suka wuce da ƙishinsu, kunu ya yi ta tsami a tukunya, har ƙudaje suka fara raina ta.

A nan Iya kan tsaya ta gyara garwashi, ta bar mu da baki buɗe. Sai mun yi ta roƙo kafin ta ci gaba.

Ran nan akuyar tsohuwa ta tura kai cikin ƙwaryar, ƙararrawar wuyanta ta kaɗa. Tsohuwa ta zabura, ta zaci ciniki ne. Da ta ga akuya ce sai ta ƙura wa ƙararrawar ido. Can ta kwance ƙararrawar ta ɗaura a bakin ƙwarya. Daga ranar, ko gishiri aka zuba, ko auduga, sai ƙwarya ta amsa. Kunu ya riƙa ƙarewa tun hantsi.

"To ku faɗa mini," Iya ta ce, "ƙarar ce ta cika mata rumbu, ko cinikin? Ƙurunƙus, kowa ya nemi bargonsa."

Mu dai akuyar muke yi wa dariya. Abin da ban lura ba a lokacin shi ne ita ma Iya tana da tata ƙwaryar. Wata tsohuwar tasa ce mai ɓallen baki. Kuɗin cinikin farko na kowace safiya a ciki take jefa shi, ta girgiza, ta ce Allah ya sa albarka. Kafin tasar nan ta yi ƙara, ko limamin unguwa ba ya samun masa bashi.

Da Iya ta rasu, ni na gaji tandar da tasar. Na kama ɗan shago a bakin kasuwar Taminus, masa da miyar taushe. Na bar wani tsohon kwabo a tasar don ta riƙa ƙara ko da takarda aka biya. Da shagon nan nake ciyar da 'ya'yana, kuma taurin kaina bai gaza na Iya ba.

Sai shekarar da takardun kuɗi suka ɓace daga hannun mutane. Mutum ya zo, ya shaƙi ƙamshi, ya zaro katin banki. In ce masa ni kuɗi nake karɓa. Ya mayar da katinsa aljihu ya wuce. Ƙullun masa kuwa ba ya kwana. Ranar da na juye rabin roba a kwata, na zauna bayan shago na yi kuka sosai, don na ga tandar Iya za ta mutu a hannuna.

Maman Ngozi, maƙwabciyata mai sayar da atamfa, ta leƙo ta same ni.

"Maman Sadiya, kai yana kuka, kwastoma yana tafiya. Je ka karɓi POS mana, na'urar kati! Ni na karɓa tun tuni."

Na ce, "To me zan jefa a tasa? Kati?"

Ta dube ni, ta dubi tasar, ta ce, "Tasa zai biya haya?"

Wallahi muryar Iya na ji a bakin matar nan. Washegari na saɓa mayafi na tafi banki.

Ba a rana ɗaya aka gama ba. Suka ce sai na buɗe asusu da sunan sana'a, in kawo hoto da katin ɗan ƙasa da takardar kuɗin wuta. Na kawo. Suka turo ma'aikaciya ta ga shago, ta ce ina allon suna, za ta ɗauki hotonsa. Ni da duk Taminus ta san ni, wai sai allo ya shaida! Na sa mai fenti ya rubuta "Masar Iya" da ja. Suka gaya mini akwai ɗan abin da za su riƙa yanka a kowane ciniki. Na yi tsaki, na tuna robar da na juye a kwata, na sa hannu.

Da na'urar ta iso, Maman Ngozi ta koya mini latse-latsenta, tana yi tana zagina cikin raha. Amma sabis ya ƙi zama. A kan tebur babu, a bakin ƙofa babu. Sai can saman kanta, daidai inda tasar Iya take, ya kama. Na rasa wurin ajiye ta don kada ta zamo, sai na sa ta cikin tasar.

Mai sayen farko wani direban bas ne. Ya sa kati, ya latsa lambobinsa yana kare su da hannu. Muka zuba wa na'urar ido, ni da shi da Maman Ngozi. Sai na'urar ta yi ƙara, tasar ta amsa, har kwabon ya motsa. Na rangaɗa guɗa a tsakiyar kasuwa, direba ya ja da baya ya ce, "Hajiya, lafiya?" Ranar kafin azahar na kankare gindin roba.

Ina yarinya na ɗauka Iya tsohuwar gindin dutse take yi wa dariya. Yanzu ina ganin kanta take ja wa kunne, da duk wadda za ta gaji tasarta. Har yau na'urar tana cikin tasar. Kowace safiya in ta yi ƙarar farko, sai in girgiza su tare in ce Allah ya sa albarka, sannan in juya masa kafin ta ƙone.