Kazar Inna da Ƙwan Baƙala

Shekarar da mahaifina ya rasu, Inna ta zo aikin hajji daga Kano, ta ce ba za ta koma ba, a kusa da Manzo take so ta ƙarasa kwanakinta. Lokacin ina aikin shara a wani masaukin baƙi a unguwar Anbariyya ta Madina, muna haya a unguwar Sih, ni da maiɗakina. Ita maiɗakina a Madina aka haife ta. Hausarta rabi Larabci ce, Inna kuwa ko gaisuwar Larabawa ba ta gama iyawa ba.

A bayan gidan akwai ɗan fili mai katanga. Nan maiɗakina ta ajiye kaji huɗu saboda ƙwai. Zakara babu, don maƙwabcinmu ya yi ƙorafin cara, mun yanka shi tun tuni. Duk gidan, wannan fili ne kaɗai ya yi wa Inna kama da gida. Nan take shimfiɗa tabarma ta wuni.

Da zafi ya fara shigowa, wata wake-wake a cikin kajin ta kama kwanci. Ta shige bayan randa ta lafe a kan ƙasa, babu komai a ƙarƙashinta. In ka kai hannu sai ta buɗe gashi ta yi maka gurnani.

Ni ne ɗan farin Inna, ba ta kama sunana. Ta ce, "Kai wannan, kazar nan 'ya'ya take so. Ƙwan gidan nan kuwa ba uba gare su ba. A sayo mata na waje."

Ba ta jira ni ba. Ta yafa mayafi ta ja surukarta zuwa baƙala, kantin da ke bakin layinmu. Ta tsaya tana ɗaga ƙwai ɗaya-ɗaya tana dubawa a hasken rana, har mai kantin ya gaji. Da suka dawo ta zuba yashi a tsohon kwando, ta yayyafa ruwa, ta yi wa kowane ƙwai zane da gawayi don kada ya ɓace cikin wanda sauran kajin za su saka.

Maiɗakina ta ce, "Inna, wallahi waɗannan ma ba za su yi ba. Ƙwan kamfani ne. Can ma mafi zakara, yaani babu ko ɗaya. Kuma a talaja suka kwana, cikin sanyin firji."

Inna ta dube ta. "'Yar nan, kaji dubu a gida ɗaya ki ce babu zakara? To wa ke tashinsu da asuba?"

"Lantarki, Inna."

"Lantarkin ne ke yi musu cara?"

Suka juyo suna kallona. Gaskiya ni ma ban san mai gaskiya ba a lokacin. Na ce a bar wa Allah.

Kaza ta karɓi ƙwai, ta ja su ƙarƙashinta da baki. Sati uku suka wuce, lokacin ƙyanƙyasa ke nan, shiru. Aka shiga na huɗu. Zafin Madina ya kai inda bango ke ƙuna har bayan la'asar. Inna ta rataya jiƙaƙƙen buhu a gaban randa, tana kai mata tsaba da ruwa har baki, amma kazar ba ta ci sai kaɗan. Jan tsoron da ke kanta ya koɗe, gashin ƙirjinta ya zube. Ran da na ɗaga ta don in duba, na ji kamar na ɗauki fankon kwali.

Sannan ƙwai ɗaya ya fashe. Warin ya kore mu daga filin gaba ɗaya, ban da Inna. Na same ta tana kwashe yashin da ya ɓaci.

Na ce, "Inna, baragurbi ne duka. Mu ɗaga kazar mu tsoma ta a ruwa, kwancin ya sake ta. In ba haka ba mutuwa za ta yi a wurin."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "An tsoma ta jiya, ta koma. Ita ta cika nata alkawarin. Ni na ba ta ƙarya ta kwanta a kai. Yanzu in tashe ta hannu banza?"

Maiɗakina tana bakin ƙofa tana ji. Ba ta ce ai na faɗa ba. Ita ce ma ta tuna min da wani dattijo Badamagare mai aiki a gonar dabino wajen masallacin Ƙiblatain, wanda ke da kaji da zakarunsu.

Bayan sallar Juma'a na tafi. Da na gama bayani dattijon ya yi dariya har ya riƙe ciki, irin ta Badamagare in ya samu Bakano a hannu.

Ya ce, "Kanawa ke nan. Kun gama da mutane a kasuwa, yanzu kaza kuka damfara?"

Na ce, "Baba, a taimaki bawa, a bar tsiya sai an sha shayi."

"Bawa dai, ka faɗa da bakinka."

Ya kai ni wurin wata kazarsa da ke gab da ƙyanƙyasa. Ya zaro ƙwai biyar, ya kara min ɗaya a kunne. Na ji ƙaramin kuka a ciki, da ɗan bugu. Ya ce kada in sa wa kazarmu da rana. In bari sai magariba ta yi, idonta ya daina gani, a zare na banzan ɗaya-ɗaya ta baya, a mayar da waɗannan. Na naɗe su a auduga cikin hulata, na rungume a ciki. Na hau bayan wata motar ɗaukar kaya, duk ramin da muka faɗa sai na ji shi a ƙirjina.

Inna ce ta yi musanyar da hannunta. Kazar ta sare ta sau biyu, ba ta janye ba. Na ji tana cewa a hankali, "Yi haƙuri, baiwar Allah. Ki yafe min."

Washegari muka ji tsiyu-tsiyu a bayan randa. Huɗu sun fito, ɗaya ya mutu a cikin ɓawo. Amma uwar ba ta tashi ba, ba ta kuma kalli tsaba ba. Haka muka wuni muna leƙe.

Sai da safiyar da ta biyo baya, ina shirin fita aiki, ta miƙe. Ƙafafunta na rawa, ta yi taku biyu ta zauna, ta sake miƙewa. 'Yan tsakin suka biyo ta. Inna ta watsa tsakin gero. Kazar ta ɗauka ta yar, ta ɗauka ta yar, tana kiransu. Wata jar kaza ta matso za ta sari ɗaya. Uwar nan da ba ta iya tsayuwa sosai ta buɗe fiffike ta yi kanta, sai da ta kai ta bango.

Ta dawo tana haki. Ta tsoma baki a kasko ta ɗaga kai sama, ta sake, ta sake. Sannan ta sunkuya kan geron ta fara ci da gaske.

Maiɗakina ta durƙusa kusa da Inna tana ƙara mata ruwa a kaskon. Ni ina tsaye da takalmi ɗaya a hannu.

Inna ta ce, "Kai wannan, wuce wurin aikinka. Ina ka taɓa ganin namiji ya tsaya a kan mai jego tana cin abinci?"